Ni ke aiki, yuro na sauka a asusun Yaya

Assalamu alaikum Hajiya. Ni ƴar Tawa ce, aure ya kawo ni Yamai. Na ɗan jima ina sa dukawa su ɗinka mini jakunkuna da takalman fata, ina aika wa wasu shaguna biyu a Faransa da Beljiyam. A gefe kuma ina yi wa wani kamfanin waje fassara daga Faransanci zuwa Hausa ta intanet, su da dalar Amurka suke biya. Duk kuɗin a asusun yayana da ke zaune a Beljiyam suke sauka. Shi sai ya ba wakilin wani Alhaji mai shago a Babbar Kasuwa yuro a can, Alhajin ya ƙirga mini sefa a nan, yuro ɗaya 660. Yanzu shagon Faransa sun ce ba su ƙara biya sai da faktir, wato takardar lissafin ciniki, mai sunana da asusu mai sunana. Da na gaya wa Yaya sai ya ce in na kuskura na shiga banki za su riƙe kuɗin kamar yadda aka yi a 2023, ƴan lanho masu karɓar haraji kuma su taso ni gaba. Ga yuro 900 da ban gani ba, ya ce ya sa su a gyaran ɗakin Inna a Tawa, bai ko shawarce ni ba. Wata ƙawata kuma ta ce abin da muke yi ma laifi ne a doka. Gaskiya ne? Zan iya buɗe asusun yuro in ajiye abina, tunda ana ta raɗe-raɗin za a canza kuɗi? Kuma ta yaya zan zare daga hannun Yaya ba a ce na samu abin duniya na raina na gaba da ni ba?

Wata baiwar Allah, Yamai

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ƙara wa sana'a albarka. A ce daga ɗakinki kike aika kaya har Turai, gidajen dukawa suna ci ta dalilinki, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙawarki ba ta yi ƙarya ba. Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Janairun 2025, amma tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashe takwas masu kashe sefa ɗaya, tare da Benin, Burkina Faso, Kodibuwa, Gini Bisau, Mali, Senegal da Togo. Dokar hulɗar kuɗi da ƙasashen waje ɗaya ce gare su duka, babban bankin BCEAO mai hedikwata a Dakar shi ke tsaron ta. An daɗe ana aiki da mai lamba 09/2010, sai a Disamban 2024 majalisar ministocin ƙungiyar ta fitar da mai lamba 06/2024 ta maye gurbinta. Ginshiƙin dai bai motsa ba. Duk mazaunin ƙasa da ya sayar wa waje kaya ko aiki, dole kuɗin su dawo gida, su shigo ta hannun wanda hukuma ta amince da shi, wato banki ko masu aiki ƙarƙashin inuwar banki, a mayar da su sefa. Dokar 2010 wata guda ta ba mutum ya dawo da kuɗin daga ranar da biya ya wajaba, ga mai fitar da kaya kuma ba ta yarda ranar biyan ta wuce kwana 120 bayan kaya sun tashi ba. Waje a nan shi ne duk inda ba ya cikin ƙasashe takwas ɗin nan. Mai shago a Abijan ko Lome in ya biya ki da sefa, kamar ɗan Maraɗi ne ya biya ki. Kano kuwa waje ce duk kusancinta, Njamena ma waje ce, ko da yake su ma sunan kuɗinsu sefa.

Dalilin dokar ba ɓoyayye ba ne. Yuro da dalar Amurka da masu fitar da kaya ke kawowa su ake tarawa a BCEAO, da su ake biyan shinkafa da magani da kayan gyaran injin da ƙasa ke shigowa da su. In kowa ya bar nasa a waje, babu abin biya. To dubi abin da ke faruwa a tsarinku. Yuronki ba su taɓa taka Nijar ba. Alhaji yana karɓar su a can ya biya dillalansa na Dubai ko Sin ko Turkiyya, ya huta da cike takardun banki da tambayar duwan, wato kwastan, ke kuma ya ba ki sefan cinikin shagonsa. Shi ya sa yake ƙara miki ƴan dala a kan farashin hukuma, ba don kirki ba. Irin wannan musanyar ta bayan banki ita dokar ta hana, kuma hukuncinta akwai ɗauri, akwai tara mai iya ninka kuɗin da aka karkatar.

Ban faɗi wannan don in hana ki barci ba. A ganina waɗanda suka rubuta dokar, masu yuraniyom da auduga da zinari ne a ransu, ba mai jakunkuna goma sha biyu a kwali ba, kuma ba a bin ƙananan masu sana'a gida-gida ana tambayar ina yuronsu. Abin da ya fi damuna daban ne. Kina kiwo ne a garken wani, ranar da aka zo ƙirga kuwa sunan mai garke za a rubuta. Duk tsawon lokacin nan da kika yi kina aiki, babu takarda ɗaya a duniya da ta nuna ke kika sayar da jaka. Gobe ki nemi rance don ki sayi fata da yawa lokacin da take araha bayan Babbar Salla, banki zai ce ina tarihin cinikinki. Ki nemi biza ki je baje kolin sana'o'in hannu, za a ce ina shaidar abin da kike samu. Allah ya kiyaye, wani abu ya sami Yaya, kuɗin da ke asusunsa dukiyarsa ce a idon hukumar can, iyalinsa za a kira. Alhaji ma in ya wayi gari ya ce bai ga saƙo ba, wa za ki kai wa ƙara, da wace takarda?

Ki yi lissafin da kanki. Farashin yuro a ɗaure yake, sefa 655.957, tun 1 ga Janairun 1999. Kayan yuro 1,200 a farashin hukuma sefa 787,148 ne, a wurin Alhaji 792,000. Ribar da kike gani ba ta cika jika 5 ba. Yuro 900 da suka tafi ba da saninki ba kuwa sun haura jika 590.

Tsoron da Yaya ya ambata ba na banza ba ne, kada ki yi masa musu a kai. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi daga ƙarshen watan har 24 ga Fabrairun 2024, kuma duk ɗan Yamai ya ga layin da aka yi a ƙofar bankuna, mutum da kuɗinsa ana yanka masa abin da zai ɗauka. Wanda ya tsaya a layin nan ba ya mantawa. Sai dai doka cewa ta yi kuɗin su shigo ta banki, ba ta ce su kwana a can ba. Sun sauka, an mayar da su sefa, an ba ki takardar shaidar shigowarsu, shi ke nan kin fita hakkin hukuma. Ki ɗebi abinki ki biya dukawa, ki sayi fata da zare, ki zuba adashe, ki bar abin da zai riƙe asusun a raye.

Ki fara da suna. A Yamai akwai Maison de l'Entreprise ta zauren ƴan kasuwa, inda ake yin rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF a wuri guda. Ba sai kin kafa kamfani ba, kina iya yi da sunanki ke kaɗai, dokar kasuwanci ta OHADA, wadda Nijar ke bi tare da wasu ƙasashen Afirka, ma tun 2010 ta tanadi matsayi mai sauƙi don ƙaramin mai sana'a. Da takardun nan biyu da katinki na ɗan ƙasa za ki buɗe asusun sana'a, daban da wanda kike cefane da shi. In kin shiga bankin kada ki tsaya ga mai taga, aikinsa ƙirga ne. Ki ce a haɗa ki da ofishin da ke kula da harkar waje, yawanci can ciki suke ko a bene. Ki zauna ki gaya musu ga abin da kike sayarwa, ga ƙasashen da kuɗi za su riƙa fitowa, ga kimanin yawansu a wata. Ma'aikacin da ya san fuskarki ya san sana'arki, in kuɗi sun sauka waya zai yi miki. Wanda bai sani ba, ya ga yuro sun faɗo asusun da jiya babu komai cikinsa, dole ya dakatar ya tambaya, domin dokar yaƙi da halatta kuɗin haram ta ɗora masa kai rahoton abin da bai gane ba ga hukumar CENTIF. Yawancin masu cewa banki ya riƙe musu kuɗi, takarda aka nema ba su da ita.

Takardar kuwa ba wata mai wuya ba ce. Faktir mai lamba da kwanan wata, da sunanki da NIF ɗinki, da sunan shagon da adireshinsa, da bayanin kaya ɗaya bayan ɗaya, jaka kaza a kan kaza, da jimla a yuro, da ranar biya. Ki haɗa da saƙon da suka yi odar, ki buga shi a takarda, da resin gidan waya ko kamfanin da ya ɗauki kwalin, da takardar duwan. Kowane ciniki da bangonsa. Ki dubi rubutun sunanki da kyau, ya zama yadda yake a kati haka yake a faktir haka yake a asusu. Sunayenmu suna shan wahala tsakanin rubutun Faransanci da na Hausa, nan an sa "ou" can an sa "u", nan sunan uba ya riga can ya biyo baya, kuma harafi ɗaya ya isa kuɗi su yi mako suna yawo. Kada ki yarda a rubuta "kyauta" a jikin kwali ko a rage farashi don a sauƙaƙa wa mai karɓa. Tun 1 ga Yulin 2021 duk kayan ciniki da suka shiga Tarayyar Turai ana biya musu harajin ciniki na TVA komai ƙanƙantarsu, kuma in faktir ya ce 1,200 takardar kwali ta ce 200, ke za a tambaya. Akwai ma riba a faɗin gaskiya. Nijar tana cikin ƙasashen da Tarayyar Turai ta yafe wa kuɗin fito a kan kusan komai ban da makamai, in an nuna kayan a nan aka yi su, kuma in kwalin bai wuce yuro 6,000 ba bayanin asalin kaya a jikin faktir ya isa. Wannan sai mai suna a takarda ke iya yin sa.

Za ki ji ma'aikatan banki suna ambaton domisiliyasiyo, wato a buɗe wa ciniki fayil a banki ɗaya tun kafin kaya su tashi, bankin ya bi shi har kuɗi su dawo. Dokar 2010 daga abin da ya haura sefa miliyan 10 ta wajabta shi. Ki sa su gaya miki adadin da ake aiki da shi yau da wa'adin dawo da kuɗi, su nuna miki a rubuce. Kwalayenki ba su kai nan ba tukuna, amma ki sani ƙanƙantar ciniki fayil ɗin kawai take ɗauke miki, dawo da kuɗin yana nan a wuyanki.

Shagon Faransa sun saba tura wa Yaya kuɗi cikin Turai kusan kyauta. Zuwa Nijar sai ta SWIFT, hanyar da bankunan duniya ke tura wa juna kuɗi, akwai caji a bankinsu, akwai na bankin da ke tsakani da kuɗin ke ratsawa, akwai na naki. A takardar turawa ana zaɓar wanda zai ɗauki cajin: OUR mai turawa ya biya duka, SHA a raba, BEN a cire daga naki. Ki roƙe su OUR, in sun ƙi ki sa cajin cikin farashin jaka. Ki tara ƙananan oda a biya su lokaci guda, don cajin bai cika duba ƙanƙantar kuɗi ba. Bankuna wajibi ne su bayyana farashin ayyukansu, saboda haka ki zaga biyu ko uku ki karɓi takardar farashin kafin ki zaɓa. Duk sanda aka turo, ki nemi kwafin shaidar SWIFT daga mai turawa, da ita ake bin sawun kuɗi in sun makara.

Kamfanin fassara ma ki tambaye su ko za su iya biya da yuro. Dalar Amurka hawa take tana sauka a kan yuro, yau ki ci riba gobe ki yi asara, ga kuma abin da banki ke ci wajen canji. In ta wani asusun intanet suke biya, ki buɗe shi da sunanki, ki haɗa shi da asusunki na nan, ki riƙa kwashewa duk wata kina buga bayanin a takarda. Abin da ya zauna a irin wannan asusun, kuɗi ne da ke zaune a waje. Masu ce miki ki karɓa da kuɗin intanet na USDT ki sayar wa yara a waya, ki bar su da abinsu. Ba kuɗin da BCEAO ta sani ba ne, in an cuce ki babu ofishin da zai saurare ki.

Asusun yuro kuwa, ko a nan ko a waje, mazaunin ƙasa ba ya buɗe shi sai da izini na musamman da ke bi ta ma'aikatar kuɗi da BCEAO, na ɗan lokaci ne, kuma sai an nuna bukatar sana'a ta gaske. Tsoron faɗuwar sefa ba ya cikin dalilan da ake karɓa. Na san inda tsoron ya samo asali. A Janairun 1994 an kwana faran ɗin Faransa ɗaya yana sefa 50, aka tashi yana 100, iyayenmu har yau suna ba da labari. Maganar sabon kuɗin AES, ƙawancen Nijar da Mali da Burkina Faso, ma ana yin ta, amma yau sefa ake kashewa a Yamai da Bamako da Wagadugu. Ke kuma ki lura da inda kike tsaye. Da yuro kike sayarwa, da sefa kike biyan dukawa. In ma an wayi gari darajar kuɗin gida ta faɗi, kina cikin waɗanda abin zai zo wa da sauƙi, don odar wata mai zuwa da yuro za a biya ta. Abin da ya rage miki na ajiya ki mayar da shi fata da keken ɗinki, ko tumaki a Tawa.

Lanho za ki biya, ba zan rufe ki ba. Mai NIF an san da shi. Amma ƙananan masu sana'a akwai tsarin haraji dunƙule da aka yi dominsu, ba a auna su da ma'aunin manyan kamfanoni. Ki je ofishin lanho na unguwarku da ƙafarki, da littafin shiga da fita, kafin su zo su yi miki ƙiyasi da ka. Ki sa shi cikin farashin jaka kamar yadda kike sa kuɗin zare.

Saura Yaya, kuma nan ne nake so ki taka a hankali. Kada maganar nan ta shiga zauren WhatsApp na dangi, kada Inna ta fara jin ta daga bakin wani. Ki kira shi ke da shi, lokacin da ya taso aiki ya huta. Ki fara da godiya, kuma godiyar gaskiya ce, don da bai ba da asusunsa ba da sana'ar ba ta tashi ba. Sannan ki ɗora maganar a kan abin da yake gaskiya: shagon sun ƙi biya sai da sunanki, in ba haka ba ciniki ya mutu. Ki ƙara masa da abin da wataƙila bai duba ba, cewa shi ne a bakin wuta. Kuɗin shaguna suna shiga asusunsa duk wata, a idon hukumar harajin Beljiyam abin da ya samu ne bai bayyana ba, bankinsa yana iya tambayar sa ko ya rufe asusun, in kuma yana karɓar wani tallafi ko yana neman sabunta takardar zama, abin zai iya tashi a lokacin da ba ya so. Ki ce masa, "Yaya, ba na so sana'ata ta jawo maka matsala a ƙasar mutane." Wannan ba dabara ba ce, haka abin yake.

Wataƙila abin da ke ransa ba banki ba ne. Mai zaman waje kowa a gida gani yake yana da shi, waya ba ta yankewa, kuɗinki da ke ratsawa ta hannunsa suna rage masa nauyi ko da bai faɗa ba. To ki riga shi. Ki yanke abin da za ki riƙa aika wa Inna duk wata, ki faɗa masa adadin, ki aika ta NITA ko Amana da sunanki, ki cika alkawari ko ciniki ya yi sanyi. In ya ga nauyin Tawa ba shi kaɗai aka bar wa ba, rabin gardamar ta ƙare.

Yuro 900 ɗin, ki tambaye shi sau ɗaya, da ladabi, nawa aikin ɗakin ya ci kuma nawa ne rabonki a ciki. Ɗakin uwarku ne, ke ma da hakki a kanki, saboda haka abin da ya dace da rabonki ki ce kin ba da, ki bar shi har zuci. Abin da ya haura, ku kira shi bashi, ku sa masa lokaci, ya rubuto miki ko a saƙon waya ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba wanda zai ce kin yi rashin kunya don kin bi ta. In ya biya, ya turo ta Western Union ko ta banki da sunanki, ki ajiye resin. In mai gidanki yana da fahimta da Yaya, ki sanar da shi abin da ake ciki, amma kada ki tura shi karɓar bashi wurin suruki.

Alhaji kuma ki je shagonsa da kanki ku rufe lissafi, ki tabbatar babu saƙon da ke hanya, ki yi masa godiya. Kada ki ba shagon Faransa lambar sabon asusu sai bankin ya ba ki takardar RIB mai ɗauke da bayanan asusunki da lambar SWIFT a rubuce. Ki sa su fara gwadawa da ƙaramin faktir, ki ga kwana nawa ya yi da abin da aka cire, kafin ki mayar da shagon Beljiyam da kamfanin fassara kan wannan hanyar.